Sarautar kwana kaɗan: jerin sarakunan Katsinar Maraɗi a ma'aunin sulallan Rumawa

1. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya tashi rubuta tarihin wani gari na kwarin Gulbin Maraɗi, ko Madarunfa ne ko Jiratawa ko Gabi, abin da ake fara miƙa masa shi ne jerin sarakuna: wane ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi. Da wannan jeri yake auna sauran labarai. Idan dattijo ya ce masa an sari garinsu zamanin Ɗan Baskore, sai ya duba jeri ya rubuta shekara, ya wuce. Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda irin waɗannan jerin suke yi da sarakunan da ba su daɗe ba, da waɗanda aka tuɓe, da waɗanda suka yi da'awar sarauta amma ba ta zauna musu ba. Ra'ayinmu shi ne, a wannan wuri ne jerin ya fi rauni, kuma a nan ɗin ne muka fi karɓar maganarsa ba tare da tuhuma ba.

Domin a ga raunin sosai, za mu aro ma'auni daga wani fage mai nisa, wato nazarin sulallan da masu ƙwacen mulki suka buga a daular Rum cikin ƙarni na 3 na Miladiyya. Dalilin aron shi ne, a can an sami shaida iri biyu a kan mutum ɗaya, rubutun marubuta tarihi da kuma kuɗin ƙarfe da shi mai da'awar ya buga da hannunsa, saboda haka ana iya ganin inda rubutun ya rage da inda ya ƙara. A ƙasar Hausa ba a buga sule ba, don haka tambayar da za mu ƙare a kanta ita ce: me zai tsaya mana a madadinsa?

Maganar ba ta tsaya a ɗakin karatu ba. Dokar da ta tsara sarautun gargajiya a Nijar, ta 30 ga Maris 1993, da wadda ta maye gurbinta a 13 ga Janairu 2015, sun bar wa al'ada ta faɗi wanda ke da haƙƙin neman sarauta. Kowa ya san cewa hujjar farko da mai nema ke kawowa ita ce kakansa ya taɓa yi. Ke nan sunan da ya faɗi daga jeri yana iya fitar da gida sukutum daga takara, kuma kundin ɗalibi yana iya zama takardar da za a ɗaga a gaban hukuma wata rana.

2. Jerin da ke hannunmu

Tushen yawancin abin da ake maimaitawa game da sarakunan Maraɗi shi ne bayanan da Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya tattara lokacin shata iyakar Nijar da Nijeriya tsakanin 1906 da 1909, aka buga su a 1911. Bayansa akwai aikin Philippe David a kan tsohuwar daular Maraɗi da tsohon birninta (1964), da maƙalar M. G. Smith a kan Maraɗi zamanin Ɗan Baskore (1967), sai littafin Yusufu Bala Usman a kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 (1981). Dukkansu ayyuka ne da ba za a iya yi ba sai da su, kuma ginshiƙin labarin bai da gardama. Wajen 1807 masu jihadi suka ci Birnin Katsina. Sarki Magajin Halidu, wanda shi kansa bai daɗe bisa gado ba, ya rasu a Ɗankama bayan an ci su da yaƙi. Aka naɗa Ɗan Kasawa, ya yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, sa'an nan ya zauna Maraɗi wajen 1819. Rauda ya gaje shi, ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali. Daga nan sai Ɗan Mari da waɗanda suka biyo, har zuwa Ɗan Baskore.

Matsalar farko tana cikin zaɓen da Smith ya yi. Ya ɗauki mulkin Ɗan Baskore, wanda ya sa tsakanin 1854 da 1875, ya zana tsarin daular daga gare shi: sarki, da rukuni huɗu masu zaɓensa, wato Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, da Iya, da sauran masu sarauta. Zane ne mai kyau, amma zane ne na lokacin da sarki ɗaya ya riƙe gado sama da shekara ashirin. Abin da ya biyo baya dabam ne. Daga rasuwar Ɗan Baskore zuwa shigowar Faransawa, sarakuna sun yi ta hawa suna sauka cikin ƴan shekaru, Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da yake naɗawa yana tuɓewa, har Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa a shekarun 1890. Wanda ya karanta tsarin daga dogon mulki kaɗai zai ɗauki wannan zamani a matsayin lalacewa, ya taƙaita shi a shafi ɗaya. Alhali kuwa ikon rukuni na tuɓe sarki yana cikin tsarin tun asali, kuma gajerun mulkoki su ne wurin da ake ganin ikon yana aiki.

Matsala ta biyu ita ce lokacin da aka ɗauki jerin. Landeroin ya yi tambayoyinsa ne a fadodi, jim kaɗan bayan wannan rikici, a daidai lokacin da Turawa ke neman sanin wane ne mai ƙasa domin su ja iyaka su tabbatar da sarki. Mai ba da labari a irin wannan hali yana da abin karewa. Ba mu ce an yi masa ƙarya ba; abin da muke cewa shi ne, jerin da aka bayar a fadar wanda ke bisa gado, jerin wannan gida ne.

Matsala ta uku David Henige ya yi bayaninta tun 1974 a littafinsa kan lissafin shekaru a tarihin baka. Jerin sarakuna na baka yakan zubar da masu gajeren mulki da waɗanda aka ɗauka ƴan ƙwace ne, yakan haɗe hawa biyu na mutum ɗaya su zama ɗaya, kuma idan aka buga shi a littafi, littafin yakan koma ya gyara bakin masu ba da labari. Saboda haka ɗalibin da ya ji jeri a fada yau, ya ga ya dace da na Landeroin, kada ya yi saurin cewa ya sami shaida biyu. Mai yiwuwa ne shaida ɗaya ce ta zagayo ta same shi.

3. Abin da sule ya gyara a tarihin Rum

Tsakanin shekara ta 235 da ta 284 daular Rum ta yi sarakuna fiye da ashirin da aka amince da su, ban da tarin shugabannin yaƙi da rundunoninsu suka naɗa a bakin iyaka. Wanda ya ci nasara shi ne Augustus. Wanda ya fāɗi kuwa marubuta suka kira shi tyrannus, wato ɗan ƙwace. Abin da kowane ɗayansu ke fara yi, idan ya sami maƙera da ƙarfe, shi ne buga kuɗi da sunansa da fuskarsa. Dalili a fili yake: sojojin da suka naɗa shi suna jiran kyautar hawa gado, kuma kuɗin da zai raba musu shi ne sanarwarsa. Regalianus, wanda ya yi tawaye a Carnuntum a bakin kogin Danube a 260, bai ma sami sabon ƙarfe ba, sai ya sa aka buga sunansa a kan tsofaffin sulallan sarakunan baya, har ana hango rubutun farko a ƙarƙashin nasa.

Misalai uku sun ishe mu. Na farko Marius, wanda ya yi sarauta a ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau da kewayenta, a 269. Aurelius Victor da Eutropius sun ba shi kwana biyu. Littafin Historia Augusta ya ba shi kwana uku, ya ƙara da labarin cewa maƙeri ne, kuma da takobin da ya ƙera aka kashe shi. Amma yawan sulallansa da aka tono, da yawan hatiman ƙarfe dabam-dabam da aka buga su da su, ba aikin kwana uku ba ne. Masana sun tsaya a kan wata biyu zuwa uku. A nan rubutu ya rage, ƙarfe ya mayar.

Na biyu Silbannacus. Babu marubucin da ya ambaci sunansa. Sule biyu kawai aka sani nasa, ɗaya ya shiga gidan tarihi na Birtaniya a Landan a 1937, na biyun Sylviane Estiot ta fito da bayaninsa a 1996. Daga kamannin bugun ne aka sa shi wajen tsakiyar ƙarni na 3. Ba don waɗannan ƴan ƙarafa biyu ba, da babu shi ko kaɗan.

Na uku Domitianus, wanda ya yi da'awa wajen 271. A 1900 aka sami sule da sunansa a Cléons kusa da Nantes. Da yake shi kaɗai ne, manazarta da dama suka ce jabu ne, wai sulen Tetricus ne aka sassaƙe aka sauya masa suna. Haka maganar ta zauna har 2003, lokacin da aka tono wata tukunya a Chalgrove kusa da Oxford, cike da sulalla kusan 5,000 da suka manne da juna tun zamanin da aka binne su. A cikinsu aka sami na biyu, kuma da hatimin da aka buga na farkon aka buga shi. Shekara ɗari ana ƙaryata shaida ɗaya, sai ta biyu, wadda ba ta taɓa haɗuwa da ta farko ba, ta zo ta gaskata ta.

Rubutu kuma yana ƙarawa. Historia Augusta, wanda Hermann Dessau ya nuna tun 1889 cewa mutum ɗaya ne ya rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 4 ya raba shi ga sunaye shida, yana da babi a kan ƴan ƙwace talatin. Adadin aro ne daga azzalumai talatin na birnin Atina, kuma domin a cika shi an shigo da mutanen da ba a taɓa ganin sulensu na gaskiya ba, waɗansunsu ma masana suna ganin ƙirƙira ce.

Yanzu a ajiye Marius kusa da abin da ke cikin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908. Bayan Abdullahi Burja, wajen 1452, an naɗa Dakauta, wanda aka ce bebe ne, da zaton sarauta za ta buɗe bakinsa. Bai yi magana ba, aka tuɓe shi bayan kwana ɗaya. Ɗansa Atuma ya yi kwana bakwai, aka sauke shi don tsoron Galadima Dauda. A 1565 Yakufu ya yi wata huɗu da kwana ashirin. Abin yabo ne cewa littafin bai zubar da su ba. Amma siffar labarin Dakauta ita ce siffar labarin Marius: ɗan gajeren adadi mai sauƙin riƙewa, da wani aibu a jikin mutumin da zai sa tuɓewar ta zama daidai. Bambancin shi ne, Marius ya bar ƙarfe da ya musanta kwana ukun, Dakauta kuwa bai bar komai ba sai abin da waɗanda suka sauke shi suka faɗa.

4. Ƙasar da ba ta buga kuɗi ba

Kuɗin Katsina da Maraɗi da Kano a ƙarni na 19 wuri ne, wanda ake kawowa daga tsibiran Maldives, daga baya kuma wani iri daga gaɓar Afirka ta Gabas. Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano a farkon 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano. Wuri ba ya ɗaukar suna, kuma babu sarkin da ke iya ƙera shi. Sulen da ya yi yawo a kasuwanninmu kuwa, wato dalar Mariya Tereza, yana ɗauke da fuskar sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka sake bugawa bayan rasuwarta wannan shekarar ce a jikinsa. Fatake sun karɓe ta don nauyin azurfarta, ba su san ƙasar matar ba, balle su yi mata mubaya'a. Sunan ya saura a bakinmu, tun da har yau dala muke ce wa tamma biyar.

Kada a ɗauki wannan a matsayin rashin sani. Al-Bakri ya rubuta a 1068 cewa mutanen Tadmakka, a arewacin Mali ta yau, suna da dinare na zinariya tsantsa marar hatimi, kuma tonon da Sam Nixon ya yi a wurin a 2005 ya fito da tukwanen zubin irin waɗannan dinare. A fiƙihun mulki na ƙasashen Musulmi kuma, ambaton sunan sarki a huɗuba da buga shi a kuɗi su ne alamomin sarauta guda biyu, kuma malaman Sakkwato masu karatun tarihin halifofi ne. Mahadin Sudan ya buga kuɗi a 1885, cikin ƴan watannin da ya yi tsakanin cin Khartum da rasuwarsa. Daular Sakkwato ta yi kusan shekara ɗari ba ta buga ba. Alamar halacci a wurinta tuta ce da wasiƙar naɗi, kamar yadda Ummarun Dallaje ya karɓi tuta ya riƙi Katsina. A Maraɗi kuwa alamar ita ce zaɓen rukuni da rawani da bugun tambari.

Wannan ya kawo mu ga kalmar ƙwace ita kanta. Tsawon ƙarni na 19 mutum biyu ne ke amsa sunan Sarkin Katsina a lokaci ɗaya, ɗaya a Birni, ɗaya a Maraɗi, kuma har yau sarautar Maraɗi da wannan suna ake kiranta. A idon Sakkwato na Maraɗi ɗan tawaye ne, a idon Maraɗi kuma na Birni ne ya zauna a gadon da ba nasa ba. Haka Postumus ya riƙi Gaul daga 260 zuwa 269 yana buga kuɗi da cikakken laƙabin sarkin Rum, alhali Gallienus yana zaune a matsayin sarki. Usman ya yi gargaɗi a kan karanta wannan tarihi da tabarau na Fulani da Haɓe. Muna ƙara cewa tabarau na halattacce da ɗan ƙwace ma yana ɓatarwa. Gidan da ya mulki Katsina kafin jihadi yana jingina kansa ga Korau, wanda labarin gargajiya ya ce ya kashe Sanau ya hau. Haka Constantine, rundunarsa ce ta naɗa shi a York a 306. A Kano ma, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur a 1893, Yusufawa suka ƙi, Aliyu Babba ya shiga birni da yaƙi a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895, daga baya Sakkwato ta amince da Aliyu. Yusufu, wanda ya fara da'awar ya rasu kafin a ci birni, ba ya cikin jerin sarakuna. Ƙanensa da ya gaji da'awar yana ciki. Manazarci ya kamata ya rubuta wanda ya naɗa mutum, da wanda ya bi shi, da garuruwan da suka kai masa gaisuwa, ya bar hukuncin halacci a bakin waɗanda suka yanke shi, tare da faɗin su wane ne.

5. Abin da zai tsaya a madadin sule

Darajar sule a wurin masanin tarihi abu uku ne: an yi shi lokacin da mai da'awar ke raye, da umarninsa aka yi shi, kuma ya watsu zuwa wuraren da magajinsa ba zai iya bi ya tattaro ba. Duk abin da za mu nema a madadinsa, da waɗannan sharuɗɗa za mu gwada shi.

Mafi kusa shi ne wasiƙa mai hatimi. Hatimi yana ɗauke da sunan mai shi, sau da yawa da na mahaifinsa da laƙabinsa, kuma shi ya sa aka danna shi. A. D. H. Bivar, wanda shi kansa masanin sulalla ne, ya yi nazarin takardun Larabci na Arewacin Nijeriya da hatimansu a 1959, kuma H. F. Backwell ya buga fassarar wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903. Wasiƙa ta cika sharaɗi na farko da na biyu. Rauninta a na uku yake, domin a taskar wanda aka aika wa take zama, kuma taskar da ta fi tsira ita ce ta mai ƙarfi. Duk da haka, takarda ɗaya mai hatimi da za a samu a gidan wani malami ko bafatake a wannan kwari, da sunan sarkin da jeri ya ba ƴan watanni, ta fi shafi goma na hasashe.

Na biyu, wanda muke ganin shi ne mafi amfani a ƙasar Maraɗi, shi ne naɗe-naɗe. Ɗan ƙwacen Rum da sule yake biyan waɗanda suka ɗora shi. Sabon sarki a nan da riguna da dawaki da bayi da sarautu yake biya. Riga ta tsufa, doki ya mutu, amma sarauta takan zauna a gida, kuma gidan yana riƙe da sunan wanda ya naɗa kakansu, domin wannan ne tushen haƙƙinsu. Haka masu gari sukan riƙe sunan sarkin da ya ba da izinin saran daji. Wannan shaida ta cika sharaɗi na uku, domin ta warwatsu a gidaje da ƙauyuka masu yawa waɗanda fada ba ta iya gyara bakinsu duka. Idan ɗalibi ya bi gidajen sarautu da ƙauyukan Madarunfa da Safo da Ɗan Isa da Sarkin Yamma, yana tambayar wa ya naɗa, ba tare da ya karanto musu jeri ba, zai iya ƙirga naɗin da aka jingina ga kowane sarki. Sarkin da aka ce ya yi wata uku amma aka sami naɗinsa a wurare da dama masu nisa da juna, to lissafinsa yana bukatar dubawa, kamar na Marius. Sunan da ya fito a gidaje biyu da ba su da alaƙa, alhali babu shi a jerin fada, ya cancanci a buɗe masa bincike, kamar Domitianus.

Na uku kirari da take, da wuraren kushewa. Maroƙa da makaɗa sukan riƙe sunayen da masu lissafin fada suka tsallake, saboda zuriyar mai sunan tana nan kuma ita ke ba da kyauta. Wannan kyautar ce kuma raunin shaidar, don haka ba ta tsayawa ita kaɗai.

6. Gargaɗi biyu

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ɗalibin da aka fito masa da tsohon takobi ko tambari daga ɗaka yakan ji ya gama bincike. Labarin Sponsianus magani ne ga wannan. A 1713 aka ba da labarin samun waɗansu sulallan zinariya a Transilbaniya, cikin Romaniya ta yau, wasu da sunan wani sarki Sponsianus da babu littafin da ya san shi. Zuba su aka yi, ba buga su ba, kuma bayansu kwaikwayon wani sule ne na zamanin jamhuriyar Rum, na wajen shekara ta 135 kafin Miladiyya. Henri Cohen ya yanke musu hukuncin jabu tun ƙarni na 19. A Nuwamban 2022 Paul Pearson da abokan aikinsa suka buga sakamakon duba wanda ke gidan tarihi na Hunterian a Glasgow da madubin ƙara girma: sun ga ƙarce-ƙarcen da suka ce na yawo a hannu ne, da ƙasa da ta manne, suka kammala cewa mutumin ya yi mulki a Dacia wajen shekarun 260. Masanan sulalla da yawa ba su karɓa ba, kuma a ganinmu suna da hujja. Ko da an yarda da duk abin da madubi ya nuna, iyakar abin da ya tabbatar shi ne ƙarfen ya sha hannu kuma ya kwanta a ƙasa. Daga nan zuwa cewa wani mutum ya riƙi runduna da lardi, akwai tazarar da gwajin bai cike ba.

Misalin gida shi ne Gajere, takobin da ake jingina wa Korau, wanda Bivar ya bayyana a littafinsa na 1964 kan tsofaffin makaman Nijeriya. Takobin tsoho ne ba shakka. Amma yana Birnin Katsina, wato ya wuce daga gidan Korau zuwa Dallazawa, ya sake wucewa lokacin da Ingilishi suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906. Kayan sarauta suna nuna wanda ya riƙe fada a ƙarshe. Ba su da bakin faɗin wanda ya cancanta, ko tsawon zaman wanda ya riƙe su.

Gargaɗi na biyu a kan adadi ne. Kushewun waliyyai da ke kewaye da tafkin Madarunfa, waɗanda Nijar ta sa a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a 2006, 99 ake ce musu, adadin sunayen Allah kyawawa. Masu ziyara sun san ma'anar adadin, kuma babu mai zuwa don ya ƙirga. Haka bakwai na Hausa Bakwai, haka talatin na Historia Augusta. Idan aka ce wa ɗalibi sarki ya yi kwana bakwai, ko kwana arba'in, ko shekara arba'in, ya rubuta yadda aka faɗa masa, amma kada ya tara shi da sauran adadi ya fitar da shekarar Miladiyya kamar lissafin haraji.

7. Kammalawa

Ba mu nemi a jefar da jerin Landeroin ko na David ko na Smith ba, domin ba mu da abin da ya fi su. Abin da muke nema ga masu rubuta kundi a wannan sashe abu huɗu ne. Su faɗi wanda ya ba da kowane jeri, da gidansa, da shekarar da ya bayar. Su tambayi mai ba da labari ko ya taɓa gani ko jin jerin da aka buga. Su ajiye sunayen da suka saɓa wa jerin fada a cikin kundi, da inda aka ji su, maimakon share su don rubutu ya daidaita. Sa'an nan su ba zamanin da ke tsakanin 1875 da zuwan Faransawa irin kulawar da aka ba zamanin Ɗan Baskore. Tsohon garin Maraɗi ruwa ya ci shi a 1945, dattawan da suka ji labarin Ƙaura Hasau daga bakin waɗanda suka gan shi kuma sun ƙare ko sun kusa. Abin da ya rage yana gidajen sarautu da ƙauyukan kwari, kuma aikin tattara shi aikin ƙafa ne da ɗalibi ɗaya zai iya farawa da kanto guda.